Yadda ake juya waƙar soyayya ta Latin zuwa Turanci, daga zaɓen waƙa har fitar da ita

Tambayar da aka fi yi min a kan wannan harka, musamman ɗaliban sashen Turanci da masu rubuta waƙa da Turanci, ita ce wai ta ina ake farawa idan mutum yana so ya ɗauko waƙar Catullus ko Ovid, mawaƙan tsohuwar Rum, ya mayar da ita Turanci, kuma shin dole ne sai ya iya Latin sosai. To ba dole sai ka zama gwani ba, amma dole ka taɓa Latin ɗin da hannunka, ko da kalma-kalma ne da ƙamus a gefe. Wanda ya ɗauki fassarar wani ya sauya kalmomi biyar ya ce ya fassara Catullus, gaskiya bai fassara komai ba. Ga yadda aikin yake tafiya, zan riƙe waƙa ta 5 ta Catullus a matsayin misali tunda gajera ce kuma Turawan Ingila sun sha juya ta.

1. Fara yanke shawara: fassara za ka yi ko kwaikwayo

Kafin ka buɗe ƙamus ka zauna ka amsa wannan. John Dryden a 1680, cikin gabatarwar da ya rubuta wa fassarar wasiƙun Ovid, ya kasa aikin gida uku kuma har yau da rabon nasa ake aiki. Na farko ya kira shi metaphrase, wato bin kalma da kalma, ɗango da ɗango. Na biyu paraphrase, kana riƙe da ma'anar mawaƙin amma kana da 'yancin sauya lafazi. Na uku imitation, kwaikwayo kenan, ka ɗauki jigo da tafiyar waƙar ka yi taka, har ka sauya sunaye da garuruwa da zamani.

Duk ukun aiki ne mai daraja. Matsalar tana zuwa ne idan ka fara da ɗaya ka zame cikin wani ba ka sani ba, kamar telan da ya yanka yadi bai tambaya riga ake so ko wando ba. Rubuta zaɓinka a saman takarda, ka bar shi a wurin har ka gama.

Hattara: in aikin makaranta ne ka tambayi malami wanne yake so tun yanzu. Da yawa in sun ce fassara, na biyun suke nufi.

2. Zaɓi gajeriyar waƙa

Kada ka fara da Propertius. Na san yana da daɗi kuma Cynthia, masoyiyar da yake yi wa waƙa, tana jan hankali, amma Latin ɗinsa murɗaɗɗe ne, yana tsalle daga tunani zuwa tunani, ga tatsuniyoyin Girka a ko'ina, ga shi kwafe-kwafen da suka iso mana suna da kurakurai har masana ba su daina jayayya a kan wasu ɗangwayen ba. Ka bar shi zuwa gaba.

Na farawa su ne Catullus 85 mai ɗango 2 kacal, Catullus 70 mai ɗango 4, Catullus 5 mai ɗango 13, sai Catullus 8 mai 19. In kana son abu mai ɗan labari, Amores 1.5 ta Ovid, wato waƙa ta 5 a littafi na ɗaya na waƙoƙinsa na soyayya, ɗango 26 ce kuma Ovid shi ya fi sauƙin nahawu a cikinsu. Akwai kuma Sulpicia, mace ce, waƙoƙinta 6 ne gaba ɗaya ɗango 40, tana yi wa wani da ta kira Cerinthus, ana samun su a cikin littafin Tibullus. Ina son mutane su riƙa gwada ta domin muryar mace ce tana faɗin son da take yi da bakinta, sai dai jimlolinta suna da sarƙaƙiya, gajartar kada ta ruɗe ka.

Hattara: karanta waƙar gaba ɗaya a wata fassarar zube kafin ka ɗauka. Wasu waƙoƙin Catullus batsa ce tsagwaronta, shi ya sa C. J. Fordyce ya cire guda 32 daga sharhinsa na 1961. A Amores 1.7 mawaƙin ya doki yarinyar ne, a 2.8 kuma yana yi wa baiwarta barazana. In ba za ka iya faɗin abin da waƙar ta faɗa ba, ka zaɓi wata. Kada ka ɗauka ka wanke ta a ɓoye sannan ka kira abin fassara.

3. Haɗa kayan aiki, da abin da za su ci maka

Yawanci kyauta ne, data kawai. Matanin Latin yana The Latin Library da kuma Perseus na jami'ar Tufts, kuma a Perseus in ka danna kalma zai nuna maka asalinta da siffar nahawunta. Ƙamus kuwa Logeion na jami'ar Chicago, yana ɗauke da Lewis and Short na 1879 cikakke, kuma yana buɗewa a waya lafiya lau. Whitaker's Words na taimakawa wajen warware kalmar da ta sauya kama. Nahawu, Allen and Greenough na 1903 yana intanet kyauta. Sharhi, na E. T. Merrill a kan Catullus na 1893 yana Perseus, sannan Dickinson College Commentaries suna da littafi na ɗaya na Amores da bayani ɗango-ɗango da jerin kalmomi.

In kana da kuɗi, littafi ɗaya ya isa: na jerin Loeb, masu jan bango su ne na Latin, shafin hagu Latin na dama Turanci, sabo yana kai kusan dala 30 ban da kuɗin turowa. Oxford Latin Dictionary ya fi Lewis and Short inganci amma kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, ba na mai farawa ba ne, in akwai a laburare sai ka leƙa. Sai littafin rubutu da fensir, da biro kala biyu ko uku, za ka ga amfaninsu yanzu.

Hattara: rubuta daga wane bugu ka kwafo matanin. Bugu-bugu suna saɓawa a wasu kalmomi, in wani ya ce ka yi kuskure wataƙila matani daban yake riƙe da shi.

4. Fasa kowace kalma

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suke gudu. Kwafi waƙar da hannu, ka bar layi uku fanko a ƙarƙashin kowane ɗango. A ƙarƙashin kowace kalma ka rubuta asalinta na ƙamus, da ko suna ce ko aikatau ko sifa, in aikatau ce wa ke yi kuma yaushe, in suna ce aikau ce ko karɓau. A Latin ƙarshen kalma ne ke gaya maka aikinta a jimla, ba wurin da ta zauna ba.

Ɗauki ɗangon farko na Catullus 5: Vivamus, mea Lesbia, atque amemus. Wasali ɗaya ne ya raba vivamus da vivimus da vivemus. Na farko “mu rayu”, na biyu “muna rayuwa”, na uku “za mu rayu”. Catullus na farkon ya ce, kira yake yi, mu rayu ya Lesbiyata mu yi soyayya. In ka ɓata wannan wasalin ka mayar da roƙo ya zama labari. A ɗango na 4 akwai soles, jam'in rana ce, ranaku, ba ta da alaƙa da solus mai nufin kaɗaici. A na 6 akwai dormienda, ba “barci” kawai take nufi ba, siffa ce mai ɗauke da tilas, dare ne da dole a kwana shi, ba a tambayi ra'ayinka ba.

Yanzu biro masu kala. Ja layi ka haɗa kowace sifa da sunanta, domin mawaƙan Latin suna warwatsa su da gangan. Dubi farkon waƙar da mawaƙi Horace ya yi wa wata mai suna Pyrrha, Odes 1.5: quis multa gracilis te puer in rosa. Kalmar te, wato “ke”, tana tsakiya. Gefe da gefenta gracilis da puer, siririn saurayi. Can waje kuma multa da rosa, furanni masu yawa. Wato saurayin ya rungume ta, furanni sun kewaye su biyun, kuma jerin kalmomin ne kawai ya zana hoton. Turanci ba zai iya wannan ba, amma in ba ka gan shi ba ai ba za ka nemi abin da zai maye gurbinsa ba.

Hattara: kada ka yarda da kalmar Latin don ta yi kama da ta Turanci. Ezra Pound a Homage to Sextus Propertius na 1919 ya ɗauki minas, barazana, ta ƙabilar Cimbri, ya fito da “Welsh mines”, ma'adinan Wales. Farfesa W. G. Hale na Chicago ya yi masa kaca-kaca a kan irin waɗannan, magoya bayan Pound kuma suka ce da gangan ya yi. Ko ma dai yaya ne shi ya kira aikin nasa girmamawa ne. Kai da ka rubuta fassara a saman takardarka ba ka da wannan mafakar.

Hattara kuma: manhajojin fassara na waya suna haɗa sifa da sunan da ba nata ba a waƙar Latin, kuma suna yi da cikakken ƙarfin hali. Ka yi naka tukuna.

5. Rubuta ɗanyar fassara, ka zana tafiyar waƙar

Zube za ka rubuta, mummuna, ba kari ba amsa-amo. Ni shawarata ka yi ta da Hausa ma tukuna, saboda in ka fara da Turanci kunnenka zai fara jawo maka tsofaffin lafuzzan waƙar Turanci tun ba ka fahimci abin ba. Catullus 5 za ta fito kamar haka: mu rayu mu yi so, surutun tsofaffi masu tsanani duk mu yi masa kuɗi kwabo ɗaya. Ranaku suna iya faɗuwa su dawo, mu kuwa da zarar ɗan gajeren haskenmu ya faɗi, dare ɗaya ne mara ƙarewa da dole a kwana. Ba ni sumba dubu, sannan ɗari, sannan wata dubu, sannan ɗari ta biyu, sannan wata dubun, sannan ɗari. In mun tara dubbai masu yawa sai mu dagula lissafin don kada mu sani, ko kada wani mugu ya sa mana ido in ya san yawansu.

Yanzu ka duba ina waƙar take juyawa. Ɗango 3 na raina masu gulma, 3 na mutuwa, 3 na ƙirga, 4 na ɓoye lissafi. Ka lura kuma harshen kasuwa ne ya ratsa ta daga sama har ƙasa: aestimemus yin kuɗin kaya ne, as ƙaramin kuɗi ne na tagulla, conturbare ana faɗinta ga wanda ya dagula littafin lissafinsa ya karye. Ita kuma invidere ba hassada kawai ba ce, kambun baka ne, mutanen Rum sun yarda cewa wanda ya san adadin abinka zai iya cutar da shi, abin da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kai. Wannan zanen shi ne abin da za ka kare. Kalma za ta iya sauyawa, amma in tsalle daga mutuwa zuwa “ba ni sumba dubu” ya yi sanyi a Turancinka, waƙar ta mutu ko da kowace kalma daidai take.

6. Ji karin da kunnenka

A nan mai jin Hausa ya fi Bature sa'a, da gaske nake. Karin waƙar Latin a kan nauyin gaɓa yake tafiya, irin na rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci. Gaɓa mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe ta mai nauyi ce, mai gajeren wasali a buɗe mara nauyi. Yadda kake jin “kasuwa” nauyi, sauƙi, nauyi, haka za ka ji Latin. Logeion yana sa alama a kan dogayen wasula, ka kwafe su.

Catullus 5 gaɓa 11 ce kowane ɗango: nauyi uku, sauƙi biyu, nauyi, sauƙi, nauyi, sauƙi, nauyi, sai ta ƙarshe ko wacce. In wasali ya ƙare kalma wani ya fara ta gaba, na farkon yana haɗiyewa, don haka Lesbia atque amemus ana karanta ta “Lesbi-at-kwa-me-mus”. In ka ƙirga ka samu 13 to ka manta haɗiyewar ne. Karanta da ƙarfi har sai bakinka ya saba. Za ka ji wani abu a ƙarshen ɗango na 5: ya ƙare da lux, gaɓa ɗaya, haske, na 6 ya buɗe da nox, dare. Haske da dare sun yi karo ba komai a tsakaninsu sai numfashi.

Ovid da Tibullus da Propertius da Sulpicia kuwa ƙwar biyu suke yi, ɗango na farko ƙafa shida, ƙafa kuwa ɗan rukunin gaɓoɓi ne na kari, na biyu ya gaza shi, ana lissafa shi biyar. Ovid ya buɗe Amores da wasa a kan wannan, wai ya shirya waƙar yaƙi sai Cupid, gunkin soyayya, ya yi dariya ya sace ƙafa ɗaya. Yawanci magana tana cika a ƙarshen kowace ƙwar biyu, gajeren ɗangon yana mayar da martani ga dogon.

7. Zaɓi karin Turancinka

Turanci a kan ƙarfin murya yake tafiya, ba nauyin gaɓa ba, kuma Latin ɗin ba shi da amsa-amo sam. Don haka komai ka zaɓa musanya ce. Hanyoyin da aka bi guda huɗu ne.

Akwai ƙwar biyu mai amsa-amo, gaɓa goma-goma, ita Christopher Marlowe ya bi ya juya Amores duka, har limaman cocin Ingila suka sa aka ƙona wani littafi mai ɗauke da wasu daga cikin fassarorin nasa a 1599. Tana da zaƙi da saurin kamawa, ta dace da wayon Ovid, amma ɗangwayen tsawonsu ɗaya, to wasan satar ƙafa ya ɓace kenan. Akwai kwaikwayon karin Latin ɗin da ƙarfin murya a madadin nauyi, Tennyson ya gwada gaɓa 11 ɗin a 1863, Peter Green ma ya bi karin asali a Catullus ɗinsa na 2005. Akwai mara amsa-amo mai bin siffar baitin, irin yadda Milton ya yi wa waƙar Pyrrha, aka buga a 1673, shi da kansa ya rubuta a samanta cewa kusan kalma da kalma ya bi gwargwadon yadda harshen ya yarda. Sai sakakkiyar waƙa mara ƙayyadadden kari, wadda yawancin na zamani suke yi.

Ga mai farawa ina ba da shawarar dogon ɗango da gajere a jere, ba amsa-amo, in ƙwar biyu ce. In Catullus 5 ce ka gwada gaɓa 11 ko da sau ɗaya. Misali ɗango na 4 zai iya zama “Suns can set and return again tomorrow”. Karin ya zauna daram, amma duba, again da tomorrow babu su a Latin, ciko ne na sa don gaɓa ta cika. Irin wannan cinikin za ka yi ta yi, kuma dole kowane ciko ka san da shi ka sa masa alama da fensir.

Hattara da amsa-amo: shi ne babban mai jawo ƙarya. Turanci ya ba ka light da night kyauta, mawaƙan Ingila Thomas Campion da Ben Jonson da Walter Raleigh duk sun ɗauka da suka juya Catullus 5. Amma love ba ta da abokai sai dove da above da prove, kuma da zarar kurciya ta shigo waƙar da babu kurciya a cikinta, amsa-amo ne yake tuƙa ka.

Hattara da thee da thou da doth. Marlowe ya rubuta su ne don harshen zamaninsa ne. Catullus da harshen hira ya yi waƙar nan, kalmar mi ta cikin “da mi”, wato “ba ni”, ma gajartawa ce ta baki, kai ma yi da Turancin da ake magana da shi yau.

8. Kalmomin da ke kayar da mutane

Waɗannan za ka yi ta haɗuwa da su, gara ka tanadi matsaya. Puella a zahiri yarinya ce amma a waƙoƙin nan babbar mace ce masoyiya, wani lokaci ma matar aure, in ka sa girl ko'ina ma'anar tana karkacewa. Domina uwargijiyar bawa ce, mawaƙin yana cewa shi bawanta ne a garin da bayi na gaske suke cike da gidaje, kalmar mistress ta Turancin yau ta fi karkata ga farka, nauyin bautar ya zube. Vir zai iya zama miji, zai iya zama namijin da take hannunsa kawai. Fides da foedus kalmomin amana da yarjejeniya ne na siyasa da shari'a, Catullus ya jawo su cikin soyayya da gangan, kada ka narkar da su su zama love. A waƙa ta 72 ya raba amare da bene velle, ya ce cin amanar ya sa shi ƙara sonta amma ya rage nufinta da alheri, in ka ba su kalma ɗaya babu sauran waƙa.

Sai Catullus 85, wadda kowa yake ganin ta fi sauƙi: Odi et amo, ina ƙi kuma ina so. Kalma 14 ce duka, 8 aikatau ne, babu sifa ko ɗaya. Ana tambayarsa me ya sa yake yin haka, faciam, ya ce bai sani ba, yana dai jin ana yi masa, fieri. Daga mai yi ya koma wanda ake yi wa, nan zuciyar waƙar take. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara mata heart da soul da bitter, a sa mata kayan ado. Kalmar ƙarshe excrucior azabtarwa ce, daga crux, gungumen da ake azabtar da bayi, amma in ka ce crucified mai karatun Turanci coci zai tuna, alhali Catullus ya mutu wajen shekara 54 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka auna wannan kafin ka zaɓa.

9. Sai yanzu ka buɗe na magabata

Na jinkirta wannan da gangan. In ka karanta Campion kafin ka yi naka, layinsa zai zauna maka a kai ya hana ka jin naka. Bayan ka gama zubin farko sai ka jera uku ko huɗu a gabanka, tsoho da sabo, misali Marlowe da Guy Lee da Peter Green in Ovid ne, da na A. S. Kline da ke kyauta a Poetry in Translation. Ba kyau kake dubawa ba. Duba inda duk suka saɓa da kai, in su huɗu sun fahimci ɗango iri ɗaya kai kaɗai ka bambanta, koma mataki na 4. Inda kuma suka saɓa da juna, nan ne wurin da yake da wuya da gaske, ka karanta sharhi a kansa.

Hattara: in ka ga lafazin wani ya fi naka kada ka ɗauke shi shiru. Na Marlowe da Jonson ba su da haƙƙin mallaka yanzu amma masu karatu sun san su, na zamani kuwa suna da shi, a Birtaniya har shekara 70 bayan rasuwar mai fassarar.

10. In kwaikwayo ka zaɓa

Duk matakan baya suna kanka, ba a tsallake su, bambancin daga nan yake farawa. Dubi abin da mutum biyu suka yi da waƙa ɗaya. Thomas Campion a 1601 ya fara da “My sweetest Lesbia, let us live and love”, ya bi Catullus a baitin farko, sannan ya watsar da sumbar gaba ɗaya, ya tafi maganar cewa da kowa zai yi soyayya da ba a yi yaƙi ba, ya ƙare da jana'izarsa. Abin da ya riƙe shi ne daren nan mara ƙarewa, ya mayar da shi amshi. Ben Jonson kuwa a wasan Volpone ya sa waƙar a bakin wani attajiri mayaudari yana rera wa Celia, matar wani, don ya lalata ta. Kalmomin kusan na Catullus ne, “Suns that set may rise again”, amma da yake bakin da ya faɗa ya sauya, sai roƙon masoyi ya zama tarko. A wata waƙar ta biye da ita a The Forest na 1616, inda Catullus 7 ya ƙirga sumba da yashin Libiya, Jonson ya ƙirga da ciyawar Romney da yashin Chelsea da ɗigon ruwan kogin Thames.

To ga abin yi. Zaɓi abu ɗaya ko biyu da ba za ka taɓa ba, tafiyar waƙar ko babban hotonta. Yanke wa ke magana kuma da wa. Sannan ka sauya sauran da abin da idonka ya sani, kuɗin da ake rainawa a garinku, masu gulmar unguwarku, ƙofar da ake rufe wa masoyi. Sauyin ya zama gaba ɗaya, in ka kawo waya da mota to Jupiter da gumakan Rum su fita, sai in kana da dalilin barin su. Akwai ma masu bin sauti zalla, Celia da Louis Zukofsky a 1969 sun mayar da Miser Catulle, farkon Catullus 8, ta zama “Miss her, Catullus?”, abin sha'awa ne a gani amma ba na mai farawa ba ne.

11. Gyara

Ajiye shi kwana biyu. Dawo ka karanta da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, duk inda harshenka ya yi tuntuɓe akwai gyara. Sannan ka yi bita biyu daban. Ta farko da Latin a gefe, kana bin kalma-kalma kana tambaya ina wannan ta tafi, wannan kuma daga ina ta zo. Ta biyu ka rufe Latin ɗin ka ba wanda bai san waƙar ba ya karanta, ka tambaye shi me ya faru a ciki kuma a ina ya ji murya ta sauya. In bai nuna wurin da ka zana a mataki na 5 ba, da sauran aiki. Ƙirga ɗangwaye ma, Turanci yakan fi Latin yawan kalmomi saboda the da of da sauransu, amma in 13 ta zama 24 bayani kake yi.

12. Sa mata suna na gaskiya ka fitar

In fassara ce ka rubuta sunan mawaƙin da lambar waƙar, Catullus 5 ko Amores 1.5, da bugun da ka bi, sannan sunanka a matsayin mai fassara. In kwaikwayo ne al'adar Turanci ita ce a rubuta “after Catullus” a ƙarƙashin take, kalma ɗaya ce amma ita take gaya wa mai karatu kada ya nemi Latin ɗin a ciki layi-layi. Matanin Latin ba shi da haƙƙin mallaka, kana iya buga shi kusa da naka, kuma ya kamata ka yi.

Mujallu irin su Modern Poetry in Translation da Arion ta jami'ar Boston suna buga irin wannan aiki, ka karanta ƙa'idarsu da lokacin da suke karɓa kafin ka tura. Wasu mujallun Amurka suna karɓar kusan dala 3 kuɗin turawa, da yawa kuma ba sa karɓar abin da ya riga ya fito a Facebook ko wani shafi, don haka in kana da niyyar tura musu ka riƙe ta a hannu tukuna. In kana son wanda ya san Latin ya duba maka kafin nan, jami'ar Ibadan tana da sashen nazarin Girka da Rum, haka jami'ar Ghana da ta Cape Coast, ka tura waƙa ɗaya tare da takardar fashin kalmominka ta mataki na 4, da ita mai dubawa zai gane inda ka kauce cikin minti kaɗan.